Angon Aro

Ko da tsufa zai sa in manta sunan ƙauyen da aka binne cibiyata, ba zan manta da auren jikata ba, auren da aka yi da angon aro, da dogon zaman jiran da ya biyo bayansa. Na ga aure iri-iri a duniyar nan. Na ga wanda aka yi da akuya ɗaya da buhun gishiri, ya zauna har mutuwa ta raba. Na ga wanda aka yanka wa sa, bai kai girbi ba. Amma auren da aka cinye wa yarinya ƙuruciyarta a jiran takarda, don kawai wata mata tana so a ce mata sannu da ƙoƙari, wannan sau ɗaya na gani, ina kuma roƙon Ubangiji kada ya sake nuna mini irinsa.

Yarinyar 'yar 'yata ce. Uwarta ta rasu ta bar mini ita tana rarrafe. Ni na goya ta, ni na yaye ta da kunun acca, a ɗan gidanmu na unguwar Narayi a Kaduna, tun ana noma masara a inda yanzu aka jera shaguna. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ita ta yi karatu har ta zama malama, tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan layinmu. In ta fito da safe, sai ka ga yara suna rige-rigen riƙe mata jaka. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo, zuciyata fari ƙal.

Yaron da ya so ta ɗan unguwar Romi ne, nan cikin Kaduna. Tare suka yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci tun suna matasa. Yaro mai ladabi, in ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Ana nan, Allah ya buɗe masa hanya ya tafi Turai, ya daɗe can har ya sami takardun zama. Bai manta da ita ba, wannan kam zan shaide shi. Ya aiko a nema masa aurenta, ya ce da zarar an ɗaura zai shigar da takarda a can, a ba ta biza ta matar aure ta biyo shi.

To, a nan uwarsa ta shigo labarin, ita kuwa in ta shiga wuri ba ta bar wa kowa wurin zama. Mace ce mai jiki, mai murya, mai ɗaurin gwaggwaro kamar jinkar rumbu. Tun ranar da ɗanta ya hau jirgi ba ta ƙara gaisawa da mutum ba tare da ta ba shi labarin sanyin Turai ba. In ka ce mata an ɗauke wuta, sai ta yi tsaki ta ce, “Mu a can ba mu san wannan ba.” Mu a can! Ita da iyakar tafiyarta Kafanchan, shi ma a bayan motar citta.

Ita ta sa ranar biki. Ta sa shi a watan Kirsimeti, domin a watan ne wata abokiyar gasarta a zumuntar matan coci za ta aurar da nata ɗan, kuma ta rantse sai nata ya danne na waccan. Ta fitar da anko, ta kama zauren biki a Sabon Tasha, ta raba kati har wa mutanen da ba ta gaishe su ranar Lahadi. Biki ya matso, sai yaron ya bugo waya ya ce wurin aiki sun hana shi hutu, a ɗaga zuwa Ista. Ba a jima ba sai ga ta a Narayi, ta cika mini ƙofa.

“Mama, ba za a ɗaga komai ba,” in ji ta. “An riga an ɗinka anko.”

Na ce, “To, da wa za a yi auren? Da ankon?”

“Ƙanensa yana nan. Wakilci ai ba yau aka fara ba. Ni kaina da aka kai kayana, maigidana yana barikin soja, wansa ne ya tsaya masa. Auren bai zauna ba?”

Rabin maganarta gaskiya ce, shi ya sa ta yi wuyar turewa. Al'adarmu ce, dangi su zo, a zauna, a gabatar da akuya da gishiri da fartanya, wakili ya yi magana a madadin wanda ba ya nan. Amma wakili a tabarma yake zama tare da dattawa. Ba ya hawa kujerar ango, ba ya sa rigar ango. Na faɗa mata haka. Sai ta yi wata irin dariya, irin ta wanda ya ji yaro ya yi wauta.

“Mama, zamani ya wuce nan. Manyan mutane za su zo, a bar kujera wayam kusa da amarya? Me za a ɗauka a hoto?”

Kawunnan yarinyar suka goya mata baya. Mutanen da ba su taɓa saya wa marainiyar nan ko fensir ba, ranar nan duk sun zama iyaye, kowa yana hango kansa a jirgi. Fasto kaɗai ya tsaya, ya ce shi ba ya ɗaura wa mutumin da ba ya gani. Sai aka kewaye coci, aka yi na gargajiya, aka karɓo takardarsa, aka zarce zaure.

Jama'a, na ga abin kallo a zauren nan. Aka sa wa ƙanen kwat ɗin da wansa ya aiko. Shi dogo ne, baƙi, mai wushirya, wan kuwa gajere ne mai haske, don haka hannun rigar ya tsaya masa can sama, wando kamar na mai shirin tsallake rafi. Aka zaunar da shi a kujerar ango. Mai gabatarwa yana ta ihu, “Ango da amarya! Ango da amarya!” Shi ya riƙe wuƙa suka yanka kek, shi ya ba ta a baki, shi ya taka rawa da ita ana yi musu liƙi. Ƙanen sai gumi yake yi, yana kallon ƙasa. Uwar tana bayan mai hoto tana ba da umarni kamar kofur. “Matsa kusa da ita! Riƙe mata hannu mana, kai wane irin ango ne? Ɗauka! Sake ɗauka!”

Angon gaskiya kuwa yana cikin waya. An jingina wayar da kwalbar lemo a kan babban tebur, wai yana kallo daga can. Fuskarsa ta fito, ta daskare, ta ɓace, ta sake fitowa. Can tsakiyar rawa cajin wayar ya ƙare, ango ya mutu a kan tebur, babu wanda ya lura sai ni da amarya. Na ga ta waiwaya ta dubi baƙin gilashin, sa'an nan ta ci gaba da murmushi irin na mai ciwon haƙori.

Daga baya aka kawo kundin hotunan, mai kauri kamar Littafi Mai Tsarki na kan bagade. Uwar ta ajiye shi a tsakiyar falo. Duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi ruwa sai ya buɗe.

Aka kai amarya Romi, ɗaki mai sabon gado da sabon labule, babu miji. Yaron ya cika alkawari, ya shigar da takarda a can. Wani mai cika wa mutane takardun tafiya ya ce abin ba zai wuce 'yan watanni ba. Jin haka uwar ta sa yarinyar ta ajiye aiki. “Matar ɗan Turai ba ta shaƙar alli,” in ji ta. “Kowane lokaci za a iya kiranta. Ta zauna a shirye.” Yarinyar ta yi kuka, ta yi sallama da 'yan ajinta, ta zauna a shirye.

Kwanci-tashi, damina ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. In na je Romi sai in same ta da waya a hannu tana latsawa.

“Me suka ce yau?”

“Kaka, sun ce ana dubawa.”

“Jiya fa?”

“Ana dubawa.”

“Me ake dubawa?”

“Takardar.”

Na ce, “Ciwon ido suke yi ne?”

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni dai har yau ban gane irin wannan aiki ba. Mutanen da aka ce sun taka wata, takarda ɗaya ta gagare su karantawa. Kuma ba ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ba dattijon da za ka tura ya ba da baki, ba fuskar da za ka kalla ka ce don Allah. Mutum mafi girman kai a ƙauyenmu yana da zauren da ake samunsa. Su waɗannan sai dai ka yi ta magana da gilashi. In sun ga dama, bayan an manta da su, sai su yi tari su ce a kawo takardar 'yan sanda. A kawo. Su ce a je a ɗebi jini, a yi allurai. A je. Kafin wannan ta kammala, waccan ta tsufa, wai lokacinta ya wuce, sai an sake. Kamar ɗinkin tsohon buhu, ka toshe nan ya ɓalle can. Hannun yarinyar nan ya sha allura har na ce mata ko saniyar gwamnati ba a yi mata haka ba.

Sau da yawa yaron ya ce zai zo ya gan ta. Duk lokacin da ya faɗa, uwar ta tare. “Ka zo ka yi me? Ai ita ce mai zuwa, saura ƙiris. Kuɗin jirgin nan ka turo a ƙarasa katanga.” Katanga ta tashi, aka sa mata ƙofar ƙarfe, aka shafa fenti. Miji da mata kuwa tun kafin biki rabonsu da ganin juna ido da ido.

Duk kaka sai uwar ta haɗa tsarabar tafiya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, citta, acca, busasshen kifi. A ɗaure a jaka, a ajiye a lungun ɗaki. Ƙwari su shiga su yi biki, a zubar, wata kakar a sake haɗawa. Ƙwarin Romi sun ci abincin Turai har sun yi ƙiba. A tsakanin nan wa ke girkin gidan? Amarya. Wa ke wanki da guga, wa ke zuwa niƙa, wa ke raka uwar gida kasuwa yana ɗauke da kwando? Matar ɗan Turai, wadda aka ce alli zai ɓata mata hannu.

'Yan unguwa suka sa mata suna Amaryar Turai. Da fari da girmamawa ake faɗa. Daga baya ya koma abin tsokana. Mai kayan miya ta ce, “Af, har yanzu kina nan? Na ɗauka hutu kika zo.” Ƙawayenta da suka auri kanikawan Kakuri da masu tuƙa keke, waɗanda uwar mijin take kallo a wulaƙance ranar biki, sun yi goyo, sun yaye, sun sake wani. Yaran da ta bari suna koyon baƙaƙe suka fara wucewa da dogon wando na babbar makaranta, suna ce mata, “Anti, ba ki tafi ba?”

Wata rana na same ta a bayan gida tana wanke labulen falo, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na zauna a kan turmi ina kallonta. Ba ta ɗago ba ta ce, “Kaka, ni mece ce? In na ce matar aure ce, ina mijin? In na ce budurwa ce, ga zobe.”

Na ce, “Tattara kayanki mu koma Narayi. Can ma ana iya jira.”

“In na bar gidan za a ce aure ya mutu. Kuma sun ce saura kaɗan.”

Saura kaɗan. Ban taɓa jin kalmar da ta ci shekarun mutum irin wannan ba.

Ana nan, ana nan, ran nan sai saƙo ya zo, an sa mata ranar ganawa a ofishin jakadancin ƙasar, a Legas. Aka ce ta zo da duk abin da zai nuna auren na gaskiya ne. Uwar ta ɗauko kundin hotunan nan da hannu biyu, ta goge shi da gefen zanenta, ta cusa mata a jaka. “Shaida suke so? Ga shaida. Bature ya buɗe ya ga irin gidan da kika shiga.”

Yarinya ta hau motar Legas. Ranar ganawar kuwa, tun da safe aka kafa rumfa a ƙofar gidan Romi, har ta tare hanya. Aka ɗora tukwanen shinkafa. Aka hayo lasifika. Matan zumunta suka zo da tulunan kiɗa da caki, har da abokiyar gasar nan, an ba ta kujera a gaba don ta gani da kyau. Ni ma aka aiko keke ya ɗauko ni. Na ce wa uwar, “Ba a barin tukunya ta sauka kafin a kira maciya?” Ta ce, “Mama, bangaskiya ke nan.” Ta karɓi abin magana ta ba da shaida tun kafin a yi abin shaidar. Ta faɗi yadda maƙiya suka so, Allah bai so ba. Tana faɗa tana kallon kujerar gaba.

Rana ta karkata, sai waya ta yi ƙara. Uwar ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Ta amsa, ta kara wayar a bakin abin magana, yadda har masu wucewa a kan titi za su ji.

“'Yata, ga jama'ar Allah suna sauraronki! Faɗa musu abin da Ubangiji ya yi!”

Da fari sai ƙarar motocin Legas. Can muryar jikata ta fito daga lasifika, ƙarama. “Mama, don Allah ki koma gefe mu yi magana.”

“Babu ɓoye-ɓoye a aikin Allah! Yi magana!”

“Ba su ba ni ba.”

Wata mata da ta riga ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa ta haɗiye abarta. Uwar ta ce, “Kamar yaya? Ba ki nuna musu hotunan ba?”

“Na nuna. Matar ofishin ta buɗe, ta dubi hoton mijina da ke cikin takardunsu, ta dubi na biki. Ta ce wane ne wannan da yake ba ki kek a baki? Na ce ƙanensa ne. Ta ce shi mijin yana ina ranar? Na ce yana cikin waya. Ta ce tun da aka yi auren kun taɓa haɗuwa? Na ce a'a.” Ta ja numfashi, duk unguwa ta ji. “Ta ce a dokarsu, auren da ango bai halarta ba, bai kuma zo daga baya ya zauna da matar ba, ba su san da shi ba. Za su mayar da takardar inda ta fito.”

Ka ji wuri ya yi tsit, har ana jin tafasar miya a bayan gida. Sai abokiyar gasar ta gyara zama, ta ce da murya mai sanyi kamar mai ba da shawara, “To ai abin da sauƙi. A ba ƙanen bizar mana. Shi ne dai ya yanka kek.”

Wata ta tuntsire, wata ta toshe baki da gyale, dariya ta bi rumfar kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Ƙanen, wanda yake zaune a gefe da tasa matar da ɗansu, ya tashi ya bi ta bayan gida, ba a ƙara ganinsa ba ranar. Uwar tana ta ihu, “Aikin maƙiya ne! An yi mana asiri!” Mata kuwa suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta biya ta wurin tukunya da robarta, wai shinkafa dai ba ta yi laifi ba.

Ni ban yi dariya ba. Ina zaune ina jin muryar marainiyata a cikin kunnena, ita kaɗai a bakin titin garin da ba ta san kowa ba, rungume da kundin hoton aurenta da wani. Kuma kada a ce na wanke masu ofishin. Tambayar da matar nan ta yi ba ta fi numfashi uku ba. Tambaya ce ta ranar farko. Da sun yi ta tun takardar tana sabuwa, da an san abin yi. Sai suka zauna a kanta kamar kaza a kan dutse, shekara da shekaru, suna cewa ana dubawa, sa'an nan suka kira yarinya tun daga Kaduna don su faɗa mata abin da Fasto ya faɗa kyauta.

Da ta dawo, Narayi ta sauka, ba Romi ba. Ta kwana biyu a ɗaki, sai dai in na miƙa mata kunu ta karɓa. Bayan 'yan kwanaki sai ga uwar mijin, ta zo da sabuwar dabara, fuskarta har tana sheƙi.

“Mama, an samu mafita. Akwai wani mai hoto a Kakuri, gwani ne. Zai cire fuskar ƙaramin ya ɗora ta babban a duk hotunan. Ko uwar da ta haife su ba za ta gane ba.”

Na ce, “Uwar da ta haife su kam, na ga alama tun farko ba ta bambance su ba.”

Ta buɗe baki za ta mayar mini, sai jikata ta fito daga ɗaki. Yarinyar da tun da aka kai ta gidan Romi ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba. Ta kira mijin, ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

“Ga mamanka, ga kakata, suna ji,” in ji ta. “Ni ba zan sake tsayawa gaban kowa in yi bayanin hoto ba, na gaskiya ko na jabu. In kana da mata a Kaduna, ka zo da ƙafarka ka aure ta. In ba za ka iya ba, ka faɗa yanzu, kawunnaina su mayar muku da akuyarku.”

Uwar ta yi tsalle. “Ka ji ta! Za ta sa ka rasa aikinka! Wa zai ƙarasa…”

“Mama,” in ji muryar da ke cikin wayar. “Ya isa.” Ban taɓa jin ya yi mata magana haka ba, ita ma ba ta taɓa ji ba, don bakinta a buɗe ya tsaya. Sai ya ce, “Ina zuwa.”

Ban gaskata ba, gaskiya. Jikata ma ba ta zauna jiran ganin ko zai cika ba. Washegari ta ɗaura zane ta koma makarantar nan ta roƙi aikinta, suka tausaya suka mayar da ita.

Ya zo da damina, lokacin da ake gasa sabuwar masara a bakin titi. Narayi ya fara sauka, ko gida bai je ba. Na ga wani ɗan siririn mutum da ƙaramar jaka ya shigo, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ya durƙusa har ƙasa kamar da.

Na ce, “Wa nake gani? Bari a kira mai hoto ya tabbatar mana tukuna.”

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Na kama hannuwansa, duk sun tsattsage don sabulu. Uwarsa ta cika Romi da labarin babban ofishinsa a asibiti. Ashe tsofaffi irina yake yi wa wanka, yana ba su abinci a baki, in ya tashi nan ya wuce wani aikin. Na ce masa wannan aiki ba abin kunya ba ne, mai albarka ne, ni tsohuwa na san darajarsa. Abin kunya shi ne ƙaryar da aka lulluɓe shi da ita. Jikata tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta duk alli, ta kasa shigowa, ta kasa komawa. Na tashi na ce zan je duba awakina, alhali ba ni da ko ɗaya.

Fasto ya ɗaura musu aure a coci ranar aiki da safe. Babu anko, babu rumfa, babu mai gabatarwa. Amarya da zanenta na Lahadi, ango da rigar da ta yi masa daidai. Uwar tana can kujerar baya da ɗan ƙaramin ɗankwali, ba ta ba kowa umarni ba. Muka dawo gidana muka sha gwate. Ya kama musu ɗaki kusa da ni, ya zauna iyakar abin da zai iya. Zaman ya ci masa ɗaya daga cikin ayyukansa, bai yi ƙorafi ba.

Ya koma ya sake shigar da takarda, aka mayar da su ƙarshen layi kamar ba su taɓa tsayawa ba. Aka sake jira, jira mai tsawo, don mutanen can ba sa sauri saboda hawayen kowa. Amma wannan karon tana aji da safe, da yamma tana wurina, ciki kuma yana girma. Ta haifi namiji mai kunnuwan ubansa sak. Shi ma sai da aka yi masa tasa takardar, aka jira tata, aka jira tasa. Da aka sake kiranta Legas, da shi ta shiga a bayanta, ya yi ta tsala kuka tun daga ƙofa. Ta ce wanda ya gana da ita bai ja magana ba. Aka ba su. Ni kaɗai ta faɗa wa, a kunne. Surukarta ta so a yi taron ban kwana, ta ce mata, “Mama, an gode, wancan ya wadatar.”

Suna can yanzu. Ina ganin ɗansu a waya yana ce mini Kaka da wani irin harshe. Na gode wa Allah. Amma shekarun da 'yar nan ta zubar babu wanda ya dawo mata da ko yini ɗaya, babu kuma wanda ya ce ta yi haƙuri, ko masu hatimi ko masu biki.

Abin da na koya shi ne, akwai abin da ake aike, akwai wanda ba a aike. Ana aiken mutum ya kai gaisuwa, ya kai kaya, ya ba da haƙuri. Ba a aikensa ya sha maka magani, ba a aikensa ya zama wa mace miji. Shi ya sa yanzu, in iyaye suka shigo mini da fara'a suka ce, “Kaka, wani daga waje yana neman 'yarmu, a sa albarka,” ba na tambayar ƙasar, ba na tambayar aikinsa. Abu ɗaya nake tambaya: “Zai zo?” In suka ce e, in sa albarka har da ƙari. In kuwa suka fara da “Ai Kaka, kin san yanayin aikinsu…” sai in ce su gaida gida.